Yadda ake zaɓen garmaho mai sauƙin kuɗi wanda ba zai lalata faya-fayai ba

Faifan garmaho ya dawo kasuwa bayan shekarun da kaset da CD suka ture shi gefe, kamfanoni da yawa kuma sun koma ƙera na'urar juya shi a farashi iri-iri. Wanda ya gaji faya-fayai a gida, ko ya fara tara su da kansa, yakan fara da neman garmahon da ya fi araha. Kafin a kai ga farashi, akwai abin da ya kamata ya tsaya a rai, wato faifai ya fi na'urar da ke juya shi daraja. Garmaho idan ya lalace ana sayen wani, amma faifan da kamfanonin EMI ko Decca suka fitar a Najeriya cikin shekarun 1970, idan muguwar allura ta kankare shi, da wuya a sake samun irinsa. Don haka garmaho mai sauƙin kuɗi na gaskiya shi ne wanda allurarsa ba ta danne faifai fiye da ƙima, wanda yake juyawa a gudun da ya dace, kuma ana samun kayan gyaransa.

Mataki na farko: duba kayan sautin da ke ɗakinka

Garmaho shi kaɗai ba ya fitar da sautin da zai cika ɗaki. Wutar da ke fitowa daga kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allurar, ƙarama ce ainun, tsakanin milibolt 3 zuwa 5 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a yawancin na'urorin gida, alhali na'urar CD tana iya bayar da har bolt 2. Ban da haka, lokacin da ake yanka faifai ana rage kaurin sauti ana ƙara kaifinsa da gangan, domin tsagin faifan ya zama siriri a samu wurin da waƙa za ta shiga. Wannan tsari, da ake kira RIAA, ya zama ƙa'ida tun 1954. Dole ne a sami wata 'yar ƙaramar amfilifaya da za ta ninka wutar kamar sau ɗari, ta kuma mayar da sautin yadda yake tun asali, kafin ya shiga babbar amfilifaya.

Juya amfilifayarka ka duba bayanta. Idan ka ga ramuka biyu, ja da fari, an rubuta PHONO a kansu, da wani ɗan noti a gefe mai rubutun GND, to wannan 'yar na'ura tana cikinta, kuma kana iya sayen kowane irin garmaho. Tsofaffin amfilifayoyi na shekarun 1970 da 1980 kusan duk suna da ita. Idan abin da ka gani AUX ne ko CD ko LINE kawai, kamar yadda yake a yawancin kayan sauti na yanzu da lasifikoki masu amfilifaya a cikinsu, sai ka nemi garmahon da aka saka masa ita a ciki, wanda za ka gane shi da wani ɗan makunni a baya mai rubutun PHONO da LINE. In ba haka ba sai ka sayi 'yar akwatin daban, ka lissafa kuɗinta cikin kasafinka tun yanzu. Mutane da yawa sukan ƙarar da kuɗinsu a kan garmaho, su iso gida su haɗa shi, sai su ji sauti can ƙasa-ƙasa marar kauri, su ɗauka an sayar musu da lalatacce, alhali wannan guntun ne ya rage.

Mataki na biyu: ware faya-fayanka

Babban faifai mai faɗin inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33⅓ a minti. Ƙaramin mai inci 7, wanda RCA Victor ya kawo a 1949, yana juyawa sau 45. Kowane garmaho na kirki yana da waɗannan gudu biyu. Matsalar tana ga tsofaffin faya-fayai masu nauyi da saurin fashewa, waɗanda suke juyawa sau 78. Ba kowace na'ura ke da wannan gudun ba, kuma ko tana da shi, tsaginsu ya fi na sauran faɗi nesa ba kusa ba, suna buƙatar allurarsu ta daban mai kauri. Wanda ba shi da irinsu kada ya biya kuɗi saboda gudun 78. Wanda yake da su kuwa ya tabbatar da cewa kan allurar da zai saya yana karɓar allurar 78.

Mataki na uku: hannu da allura, inda kuɗinka ya kamata ya tafi

A nan ne ake raba garmaho da abin wasa. Allura ɗan guntun lu'ulu'u ce da ke bin tsagin faifai, tana kaɗawa hagu da dama da sama da ƙasa, kan allurar kuma yana mayar da wannan motsi ya zama wuta. Wurin da take taɓa faifan ƙanƙane ne ƙwarai, saboda haka ko giram ɗaya da aka ƙara mata babban lamari ne ga bangon tsagin.

Irin garmahon nan da ake yi kamar jakar hannu, mai lasifikoki a jikinsa, yana da ban sha'awa a ido kuma shi ne mafi arha, amma ban shawarci kowa da shi ba. Yawancinsu suna amfani da kan allura na seramik wanda ke danna faifai da giram 5 ko fiye, allurar da suke zuwa da ita tana saurin dakushewa, babu hanyar rage nauyin hannun da ke ɗauke da allurar, kuma tun da lasifikokin suna cikin akwati ɗaya da farantin da ake ɗora faifai a kai, girgizarsu tana komawa cikin allurar. Faifan da kake ƙauna ba zai mutu a rana ɗaya ba, sai dai kaifin sautinsa zai riƙa tafiya a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Abin da za ka nema shi ne kan allura mai maganaɗisu, wanda ake rubuta wa MM. Ramin PHONO na yawancin amfilifayoyi shi aka yi wa, kuma allurarsa ana zare ta da yatsa a sa sabuwa ba tare da an kwance komai ba. Akwai wani nau'in da ake rubuta wa MC, mai tsada, wutarsa ta fi ƙanƙanta, kuma ba a zare allurarsa a gida, don haka ba na mai neman sauƙi ba ne. Daga cikin kawunan MM da suka yi suna akwai AT-VM95E na kamfanin Audio-Technica, wanda ake ɗora wa giram 2, da Ortofon 2M Red, wanda ake ɗora wa giram 1.8. Jerin VM95 yana da wata fa'ida ga mai lissafin kuɗi, domin jikin kan ɗaya ne, allurorin ne suka bambanta. Kana iya farawa da mai arha, daga baya ka sayi mafi kyau ka ɗora a jiki ɗaya, har da ta faifan 78.

Siffar bakin allura ma abin dubawa ce. Mai zagayayyen baki ita ce mafi arha, tana haƙuri da tsofaffin faya-fayan da suka sha wuya, tana kuma yafe kuskuren saiti. Mai siffar ƙwai ta fi shiga lungunan tsagi, tana fito da kaifin sauti sosai, musamman a waƙoƙin ƙarshe da ke kusa da tsakiyar faifai, inda sauti ya fi saurin gurɓata. Ga wanda faya-fayansa na gado ne masu ƙarce-ƙarce, mai zagayayyen baki ta wadatar, sau da yawa ma ta fi daɗin saurare.

Sai hannun kansa. Duba bayansa, ko akwai wani dunƙulen ƙarfe mai lambobi da ake murɗawa. Da shi ake saita nauyin da allura ke ɗora wa faifai, kuma samunsa yana nufin za ka iya sauya kan allura duk lokacin da ka ga dama. Kusa da gindin hannun za ka ga wani ɗan maɓalli mai lambobi, ko zare mai ɗauke da ɗan ƙarfe. Aikinsa shi ne jan hannun baya kaɗan, domin juyawar faifai takan ja shi zuwa tsakiya, ta sa gefe ɗaya na tsagin ya fi ɗaya shan wahala. A ƙarshe tabbatar akwai ɗan sandan da ke ɗaga hannu ya sauke shi a hankali, domin yawancin ƙarcen da ke kan faya-fayai hannun mutum ne ya yi su wajen ɗora allura.

Mataki na huɗu: bel ko inji kai tsaye

Wasu na'urori suna juya faranti da bel ɗin roba daga wani ƙaramin inji a gefe. Robar tana shanye girgizar injin, kuma ƙirar ba ta da tsada, shi ya sa yawancin garmaho masu sauƙin kuɗi haka suke. Aibinsa shi ne bel yana saki ko ya bushe bayan wasu shekaru, zafi kuma yana gaggauta hakan. Wasu kuwa farantin a kan injin yake zaune kai tsaye, irin ƙirar da Technics ya yi suna da ita tun daga SL-1200 na 1972. Waɗannan ba su da bel da zai tsinke, kuma gudunsu yana tsayawa daram. Masu sha'awar sauti sun daɗe suna gardama a kan wanne ya fi, amma a wannan farashin ingancin ƙira ya fi nau'in muhimmanci. Idan ka zaɓi mai bel, sayi bel na biyu ka ajiye tun ranar farko.

Mataki na biyar: wutar lantarki

Wannan mataki ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mai saye a Turai. Wutar Najeriya da ta Nijar da ta Gana tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, a kan Hz 50, wato tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce a kan Hz 60, ta Japan kuwa bolt 100. Kowa ya san cewa kayan Amurka suna buƙatar taransifomar rage wuta, amma taransifoma bolt kawai take ragewa, ba ta taɓa Hz. Akwai garmaho da yawa, tsofaffi da sababbi, waɗanda injinsu yake ɗaukar gudunsa daga Hz ɗin wutar gari kai tsaye. Irin wannan idan an yi shi don Amurka aka jona shi a Kano ko Zinder, ko da taransifoma, maimakon ya juya sau 33⅓ zai juya kusan sau 28 ne a minti, ya yi ƙasa da kusan kashi 17 cikin ɗari. Muryar mawaƙi za ta yi kauri ta ja jiki, kuma babu maɓallin da zai gyara wannan sai an sauya ɗan gargaren da bel ke hawa.

Saboda haka karanta ɗan allon da ke bayan na'urar ko jikin adaftarta kafin ka yi ciniki. Idan an rubuta 100–240V da 50/60Hz, ka huta. Idan 120V da 60Hz kaɗai ka gani, a bar shi sai dai in ka tabbatar injinsa mai sarrafa gudunsa da kansa ne. Kayan da aka yi wa Ingila da sauran Turai sun dace da wutarmu. Wasu tsofaffin na'urorin Japan da aka yi don fitarwa ƙasashen waje suna da makunnin zaɓen bolt a baya ko a ƙarƙashin faranti, sai a tabbatar yana kan 220 ko 240 kafin a jona.

Haka nan wanda yake yawan amfani da ƙaramin janareta ya sani cewa Hz ɗinsa yana hawa da sauka duk lokacin da firji ko famfon ruwa ya tashi, kuma injin da ke bin Hz zai bi shi, waƙa ta riƙa lilo. A irin wannan gida na'ura mai adaftar DC, ko mai inji kai tsaye da aka rubuta wa Quartz, ita ce ta dace. Sitabilaiza tana kare na'ura daga hawan wuta, ya kamata a sa ta, amma ba ta gyara Hz.

Mataki na shida: sabo ko na hannu

Daga cikin sababbi, mafi arha da zan iya amincewa da shi shi ne Audio-Technica AT-LP60X. Mai bel ne, yana ɗora hannu ya ɗauke da kansa, yana da 'yar amfilifayar PHONO a ciki, kuma adaftarsa tana karɓar wutarmu. Iyakarsa ita ce nauyin allurarsa a kafe yake a giram 3.5, kuma ba a sauya kan, allura kaɗai ake sauyawa. Ya isa ga wanda yake son ya danna maɓalli ya saurara, kuma ya fi na jakar hannu nesa. Sony PS-LX310BT ma a wannan aji yake, da ƙarin Bluetooth.

Wanda zai iya ninka kuɗin, ko ya ɗan haura haka, AT-LP120XUSB ya fi ba shi wurin girma. Injinsa kai tsaye ne, yana da gudu uku har da 78, yana zuwa da AT-VM95E, ana saita nauyin hannunsa, kuma ana iya haɗa shi da kwamfuta a kwafe tsofaffin faya-fayai, abin da ke da amfani ga mai son adana abin da ya gada. Sama da shi akwai Pro-Ject Debut Carbon Evo na kamfanin Ostiriya, da Rega Planar 1 na Ingila. Dukansu an zuba kuɗinsu ne a hannu da boris, wato abin da farantin ke juyawa a kansa, aka bar kayan ado, kuma ba su da 'yar amfilifayar PHONO a ciki, sai dai nau'in Planar 1 Plus. Injin Rega yana bin Hz, don haka na kasuwar Ingila za a saya, ba na Amurka ba. Bluetooth da fitilu da rediyo a jikin garmaho mai arha kuɗi ne da aka cire daga hannu da allura, kada su ruɗe ka.

Kayan hannu kuwa, irin waɗanda ake samu a Alaba ta Legas da wajen masu gyaran rediyo a manyan garuruwa, sukan fi sababbi masu farashi ɗaya inganci, musamman ƙirar Technics da Pioneer da Sony da Denon ta ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980. Sharaɗin shi ne ka gwada da kanka, kuma ka ɗauka cewa allurar da ke kai ta mutu ko me mai kaya ya ce, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi. Kafin ka biya, duba lambar da ke jikin kan allurar ka tabbatar ana sayar da allurarta har yanzu.

Mataki na bakwai: gwaji a gaban mai kaya

Tafi da faifan da ba ka damu da shi sosai ba, wanda ka san sautinsa. Fara da juya farantin da yatsa ba tare da wuta ba, ka sunkuya idonka ya yi daidai da bakinsa. Idan gefen yana hawa da sauka, ko kana jin kukan goga, boris ɗin ko sandar tsakiya ta samu matsala, kuma wannan ba gyaran arha ba ne. Sannan ka rufe allura da murfinta, ka murɗa ƙarfen bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, ka hura masa iska kaɗan daga gefe. Lafiyayyen hannu zai tafi sumul. Idan ya tsaya a hanya ko yana cijewa, ko ka kama shi a hankali ka ji yana ƙwal-ƙwal a gindinsa, kada ka sayi na'urar.

Daga nan a kunna. Na'urorin da ke da ɗige-ɗige a bakin faranti da 'yar fitila suna nuna gudunsu da kansu, domin idan gudun ya yi daidai za ka ga layi ɗaya na ɗigogin ya tsaya cak. In babu, akwai manhajojin waya da ake ɗorawa a kan faranti su auna juyawarsa. Saurari wurin da mawaƙi ya ja murya ko aka riƙe busa mai tsawo, domin a nan ne rawar gudu take bayyana. Tabbatar lasifikar hagu da ta dama duk suna magana, ka motsa wayoyin baya ka ji ko sauti yana yankewa. Ɗaga hannun daga faifai ka ƙara murya. Ɗan huci ba komai ba ne, amma ƙugi mai kauri yana nufin wayar GND ba ta haɗu ba ko ta tsinke a ciki. Idan na'urar mai aiki da kanta ce, bar faifan ya kai ƙarshe ka ga ko hannun zai koma mazauninsa. Murfi ma kada a raina shi, domin a ƙasar da hunturu ke cika ɗaki da ƙura, garmaho marar murfi wahala ce kullum.

Idan ciniki ya faɗa, cire farantin da ƙarfen bayan hannu ka naɗe su daban, ka ɗaure hannun a mazauninsa kafin a ɗora a mota ko babur.

Mataki na takwas: kafawa a gida

Ɗora shi a kan tebur mai nauyi wanda ba ya rawa, nesa da taga mai rana, kuma kada ya zauna a kan katako ɗaya da lasifikoki. Sa lebur irin na magina a kan farantin ka gyara ƙafafun har ya daidaita ta kowane gefe. Murɗa ƙarfen bayan hannu har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, ka riƙe ƙarfen ka juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili, sannan ka murɗa ƙarfen gaba ɗaya zuwa nauyin da masu kan allurar suka ƙayyade. Maɓallin jan hannu baya a sa shi a lamba ɗaya da wannan nauyin. Ɗan sikelin allura na dijital ba shi da tsada kuma ya fi zoben gaskiya. Kada ka rage nauyi ƙasa da ƙa'ida da tunanin kana tausaya wa faifai, domin allurar da ba ta zauna sosai ba tana tsalle tana dukan bangon tsagi, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi.

Wajen haɗa wayoyi, idan za ka shiga ramin PHONO na amfilifaya, makunnin bayan garmaho ya kasance a kan PHONO, ka kuma ɗaura siririyar wayar GND a notinta. Idan AUX za ka shiga, makunnin ya koma LINE. Haɗa LINE da ramin PHONO yana sa wutar da aka riga aka ƙara wa ƙarfi a sake ƙara mata a karo na biyu, sauti ya fashe da ƙarfin da zai iya cutar da lasifika, don haka a rage murya gaba ɗaya kafin gwajin farko.

Share kowane faifai da buroshi mai laushi kafin ka ɗora allura, musamman a lokacin hunturu da bushewar iska ke sa ƙura ta manne masa. Allurar kuma a share ta daga baya zuwa gaba kawai. Faifan da ya yi datti sosai a wanke shi da tataccen ruwa irin na batir, a kiyaye takardar tsakiya, kuma kada sinadarin sifirit ya taɓa faifan 78 domin yana narkar da shi. Ajiye faya-fayai a tsaye cikin rigunansu, a ɗaki mafi sanyi a gidan, don zafin bazara yana lanƙwasa wanda aka jingina a karkace ko aka bari a mota. Allura tana yin aiki tsakanin sa'o'i 300 zuwa 1000 gwargwadon siffarta da tsabtar faya-fayai, wato mai sauraron sa'a ɗaya kullum zai sauya ta arha kusan kowace shekara. Rubuta ranar da ka sa sabuwa a wata 'yar takarda ka manna a cikin murfi, kuma da zarar ka ji harafin "s" a bakin mawaƙi ya fara gurɓata a faifan da a da yake fita tas, dakatar da saurare har sai ka sauya ta.